Faifan What's Going On na Marvin Gaye: wane bugu ne na ainihi?

DanFagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana faifai. Da aka zo rabon kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, akwatin faya-fayansa ni aka bar wa, domin ni kaɗai ne mai kunna su a gidan. A ciki akwai What's Going On na mawaƙin Amurka Marvin Gaye, wanda tun ina yaro nake jin sa ranar Lahadi da hantsi idan Baba yana goge takalmansa. Na san faifan nan kamar yunwar cikina. To shekaranjiya ina neman sa a waya don in saurara a mota, sai na ci karo da wani da aka rubuta wa The Detroit Mix. Na kunna. Waƙoƙin su ne, jerinsu bai canja ba, amma wallahi ba shi ba ne. Muryar Marvin ta rabu biyu, ɗaya a kunnen dama ɗaya a hagu, ganguna sun matso gaba, kuma a ƙarshen Mercy Mercy Me babu wannan sautin mai kama da amshin mutane daga nesa wanda na saba ji. Wani abokina ya ce wai wannan ɗin shi ne na ainihi, na Baba kuwa kamfani ne ya sa masa hannu. Abin ya tsaya mini a rai. Wanne ne na gaskiya?

Mai_Garmaho:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kwantar da hankalinka, na hannunka shi ne wanda duniya ta sani. Shi aka fitar ranar 21 ga Mayu 1971 a ƙarƙashin tambarin Tamla, reshen kamfanin Motown. Abokinka ya ji rabin labari ne. An yi haɗin sauti na farko a Detroit a watan Afrilu na shekarar, sannan Marvin da kansa, yana Los Angeles wajen aikin wani fim, ya sa aka kai masa tef ɗin aka sake haɗawa a farkon Mayu. Na biyun ne ya fita kasuwa. Na Detroit ya kwanta a rumbun kamfani shekara 30, sai a 2001 aka fito da shi cikin bugu mai CD biyu. Saboda haka ba kamfani ne ya gyara masa aiki ba, mai aikin ne ya gyara abinsa.

DanFagge:
Amin, na gode Malam. Ke nan shi da kansa ne ya ƙi na farkon?

Injiniya_Sauti:
Shi ne. Kuma ni da nake wannan sana'a ina ganin dalilinsa a fili. Ka sa abin kunne ka saurari waƙar farko a na Detroit. Za ka ji Marvin biyu suna tsaye nesa da juna, kowa da ɓangarensa. A na Los Angeles an jawo su tsakiya an ɗora ɗaya kan ɗaya, an ƙara amo, sai ya zama kamar mutum ɗaya ne yake magana zuciyarsa tana ba shi amsa. Wannan sautin da ka ce ka rasa a ƙarshen Mercy Mercy Me kuwa, wani kayan kiɗa ne mai kama da fiyano da ake kira Mellotron. Kowane maɓalli nasa tef yake jawowa wanda aka riga aka naɗi murya ko goge a kai. A Los Angeles aka ƙara shi, shi ya sa ba ka ji shi a ɗayan ba.

Asalin murya biyun ma kuskure ne. Marvin ya rera waƙar farko sau biyu, ya ce wa injiniyoyinsa, Ken Sands da Steve Smith, su ba shi duka biyun ya zaɓi ɗaya. Sai aka kunna masa su a tare. Da ya ji sai ya ce a bar su haka. Daga nan ya mai da abin salonsa har ƙarshen rayuwarsa.

BesJos:
Ni dai ku yi haƙuri, na Detroit na fi so, kuma ba zan ɓoye ba. Ina kaɗa jitar bes shekara 19 ke nan, a coci da wajen biki. A bugun da kowa ya sani an lulluɓe makaɗan da amo kamar hazon Disamba. A na Detroit kana jin yatsan mai bes James Jamerson yana taɓa tsirkiya, kana jin tafin Eddie Bongo Brown a kan fata. Mutanen nan sun shekara goma suna kaɗa wa Motown waƙoƙin da suka ci kasuwa ba a rubuta sunansu a bango ba. Wannan faifan ne na farko da aka jera sunayen Funk Brothers, wato makaɗan nan na Motown, a jikinsa. To tunda an girmama su a rubuce, ni kunnena ya fi son bugun da ya girmama su a sauti.

Injiniya_Sauti:
@BesJos, ban ƙi maganarka ba, don koyon kiɗa na Detroit ya fi. Amma ka lura faifan ba don makaɗa aka yi shi ba. Waƙoƙi shida na fuskar farko a ɗinke suke, babu tsayawa tsakaninsu. Wannan hazon da kake kuka da shi, shi ne zaren ɗinkin.

UmmuKhalil:
Ni ban san komai a kan haɗin sauti ba, amma ina da tambaya. Na sha karantawa cewa mai kamfanin, Berry Gordy, ya ƙi waƙar tun farko. Idan haka ne, ta yaya ma aka yi ta fito? Kuma ba surukinsa ba ne?

Mai_Garmaho:
Hajiya, haka ne, Marvin yana auren yayar Gordy, Anna, wadda ma sunanta yana cikin marubutan waƙoƙi biyu na faifan. Labarin yana da tsawo amma ga shi a taƙaice.

Tushen waƙar ba daga Marvin ya fito ba. Renaldo Benson, wanda ake kira Obie, ɗan ƙungiyar Four Tops, shi ne ya ga 'yan sanda suna dukan masu zanga-zanga a Berkeley ta jihar Kalifoniya a watan Mayu 1969. Abin ya dame shi, ya zauna da marubuci Al Cleveland suka fara tsara waƙa. 'Yan ƙungiyarsa suka ce ba su yin waƙar zanga-zanga. Sai ta faɗo hannun Marvin a lokacin da shi ma duniya ta yi masa zafi: abokiyar waƙarsa Tammi Terrell ta rasu a Maris 1970 bayan doguwar jinyar ciwon daji na ƙwaƙwalwa, ƙaninsa Frankie ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labarai marasa daɗin ji. Ya ƙara nasa baitoci, ya canja karin, ya shiga Hitsville, situdiyon Motown, a tsakiyar 1970 ya naɗa, shi ne kuma furodusan kansa.

Kamfani ya riƙe waƙar wata da watanni. Marvin ya ce shi kuma ba zai ƙara naɗar komai ba sai an sake ta. A Janairu 1971 manyan ma'aikata biyu, Harry Balk da Barney Ales, suka tura ta kasuwa a ƙaramin faifai. Ta kai lamba 2 a babban jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard, lamba 1 a na waƙoƙin soul. Da ciniki ya buɗe sai aka ce masa ya kawo cikakken faifai maza-maza. Sauran waƙoƙin takwas a cikin kwana goman watan Maris aka naɗi kiɗansu.

Abu_Hanif:
Gyara kaɗan, Malam Mai_Garmaho, don adalci. Maganar da ake yawan jingina wa Gordy cewa ita ce waƙa mafi muni da ya taɓa ji, shi ya musanta ta. Abin da ya amsa shi ne ya ji tsoron waƙar siyasa za ta ɓata wa Marvin suna a wajen masu sayen waƙoƙinsa na soyayya. Ba ka kawo maganar ba, amma na san wani zai kawo ta.

Mai_Garmaho:
Gaskiyarka, shi ya sa na kauce mata.

Zinder_Soul:
Sannunku da hira. Tunda ana maganar na ainihi, to ku sani akwai na uku wanda ya girme duka biyun. Ƙaramin faifan Janairu 1971, mai gudu 45, haɗinsa daban ne. Mono ne, wato ba a raba sautin dama da hagu ba, kuma kusa da ƙarshe sautin yana yin ƙasa kamar waƙar ta ƙare, sai ya sake tasowa. A babban faifai babu wannan, waƙar tana zarcewa ne cikin What's Happening Brother. Sannan a bayansa akwai God Is Love wadda ba irin ta babban faifai ba ce, ta fi tafiya a hankali kuma ta fi tsawo. Ni wannan ta bayan ta fi shiga raina. Haka ma bayan ƙaramin faifan Mercy Mercy Me akwai Sad Tomorrows, wadda ita ce siffar farko ta Flyin' High. Idan da wanda ya riga fitowa ake auna asali, to ƙaramin faifan ne uba.

DanFagge:
Ikon Allah. Na zo da biyu, yanzu sun zama uku.

Baba_Tudunwada:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ni na ga zamanin. Shekarata 74. Lokacin da faifan nan ya iso hannunmu a Kaduna muna samari, mu James Brown muka sani, shi ake rawa da shi, shi ake kwaikwayon askinsa da takunsa. Wani abokinmu da yayansa ya dawo daga karatu a Ingila ya kawo wannan, mai baƙin tambari an rubuta Tamla Motown. Muka ɗora a garmaho muna jiran abin rawa. Shiru. Aka ce a cire a sa wani. Sai da dare, bayan kowa ya watse, na roƙa aka bar mini shi kwana biyu. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma na gane mutum ne ya dawo gida daga yaƙi yana tambayar me ya faru bayansa, ina aiki, me ya sa kuɗi ba ya isa. Mu kuwa yaƙinmu bai fi shekara biyu da ƙarewa ba, garin cike yake da sojojin da suka dawo, wasu da ƙafa ɗaya, wasu lafiyarsu ƙalau a ido amma ba sa barci. Ban taɓa jin waƙar Turanci da ta yi mini magana a kan abin da nake gani a unguwarmu ba sai ranar.

Ɗana DanFagge, ba mu san wani Detroit ko Los Angeles ba. Wanda mahaifinka ya ji shi muka ji.

DanSoja_Barikin:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarka ta taɓa ni. Mahaifina yana cikin waɗanda suka dawo ɗin, kuma har ya rasu bai taɓa ba mu labarin abin da ya gani ba. Ba mai jin waƙar Turanci ba ne, Shata da Ɗan Maraya ne nasa. Ni ne na girma na ji What's Happening Brother na kuma karanta cewa daga hirar Marvin da ƙaninsa ta fito. Na yi ta tunanin ina ma wani a gidanmu ya zaunar da Baba ya tambaye shi kamar haka.

Baba_Tudunwada:
Allah ya jiƙansa. Yawancinsu haka suka tafi da abin a ciki.

Funk_Sabongari:
Allah ya jiƙan magabata. Amma ina so in tayar da wata magana. Kullum ana sa faifan nan cikin jerin funk da soul, ni kuwa ban ga funk a ciki ba. Goge ne ko'ina, makaɗan Detroit Symphony ne, tsarin David Van De Pitte ne, rabi jazz rabi waƙar coci. Idan funk na 1971 ake nema a tafi wajen Sly and the Family Stone, There's a Riot Goin' On, wanda ya fito a Nuwamba, ko Maggot Brain na Funkadelic. Wannan soul ne zalla.

BesJos:
Haba ɗan'uwa. Juya faifan ka sa waƙar ƙarshe, Inner City Blues. Wannan bes ɗin da ke maimaita kansa ƙasa-ƙasa, da bongo a kansa, da fiyano mai bugu ɗaya-ɗaya, in ba funk ba mene ne? Ba dole sai an yi ihu ba. Right On ma minti bakwai ce ana tafiya kan kiɗa ɗaya da sarewa a sama. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: bes ɗin Inner City Blues da na Mercy Mercy Me ba Jamerson ba ne, Bob Babbitt ne. Na yi shekaru ina yaba wa Jamerson a kan aikin wani.

Funk_Sabongari:
Na ba ka Inner City Blues. Ɗaya cikin tara.

Yar_Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. @BesJos, gaskiya ne labarin da ake cewa Jamerson a kwance ya kaɗa waƙar farko?

BesJos:
Haka waɗanda suke wurin suka bayar, 'yar'uwa. An je an ɗauko shi daga wani gidan rawa cikin dare, ya sha ya yi nauyi har ba ya iya zama kan kujera, sai ya kwanta rigingine a ƙasa ya kaɗa abin da Van De Pitte ya rubuta masa. Ni abin tausayi yake ba ni, domin shan nan ne ya lalata masa lafiya, ya rasu a 1983 bai kai 50 ba. Akwai kuma labarin busar da ta buɗe faifan. Eli Fontaine yana gwada saksofon ɗinsa ne kawai kafin a fara, Marvin ya ce an samu abin da ake so, ya tafi gida. Hayaniyar gaishe-gaishen da ke farkon waƙar kuwa, cikin masu yin ta akwai Mel Farr da Lem Barney, 'yan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Detroit Lions, abokan Marvin.

Abu_Hanif:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne Mercy Mercy Me. A 1971 mutum yana waƙa kan man fetur da ya malale a teku, da kifi mai guba, da hayaƙi a sama, da cunkoson jama'a. Duk wanda ya taɓa zuwa yankin Neja Delta ya ga ruwan can ba sai an fassara masa ba. Kuma waƙar ta sayu, ta kai lamba 4. Inner City Blues ta kai lamba 9, tana kukan ana kashe kuɗi wajen zuwa duniyar wata, talaka yana fama da haraji da tsadar kaya. Wanda suka rubuta ta tare, James Nyx, ƙaramin ma'aikaci ne a ginin kamfanin.

UmmuKhalil:
Ni akwai inda nake tsallakewa, in faɗi gaskiya. God Is Love da Wholy Holy wa'azin addininsa ne a fili, ɗan fasto ne. Ba na ganin laifinsa, abin da ya taso a kai ne, amma ni ba na bin baitocin da bakina.

Baba_Tudunwada:
'Yata, haka muka yi mu ma. Muna ji, mun san nasa ne. Abin da ya riƙe ni shi ne mutumin yana roƙo ne, ba ya zagin kowa. Kuma ka tuna ƙarshensa, mahaifin nan nasa shi ya harbe shi a Los Angeles ranar 1 ga Afrilu 1984, saura kwana ɗaya ya cika 45. Na ji labarin a rediyo, na daɗe zaune ban tashi ba.

Kaset_Kwari:
Mu dawo kan tambayar DanFagge. Malam, ka duba mana faifan da ke hannunka. Bangon yana buɗewa biyu kamar littafi? Tambarin tsakiya wane launi ne? Me aka rubuta a kai? Bugun Amurka na farko lambarsa TS 310, tambarin Tamla mai ruwan ɗorawa, bango mai buɗewa da baitoci da hotunan dangi a ciki. Na Ingila baƙi ne, Tamla Motown, kamfanin EMI ne ke buga shi, kamar wanda Baba ya kwatanta. Yawancin waɗanda na gani a ƙasar nan na Ingila ne.

DanFagge:
Na ɗauko shi yanzu. Baƙin tambari ne, Tamla Motown, an rubuta an yi shi a Birtaniya. Hoton gaba shi ne Marvin cikin baƙar rigar ruwa ya ɗaga kwala, ruwan sama a gashinsa da gemunsa. Gefen bangon ya ɗan cinye, kuma Baba ya rubuta sunansa da biro a baya. Akwai ƙaiƙayi guda a Save the Children inda allura ke yin ƙas, ƙas, sau huɗu.

Kaset_Kwari:
To na Ingila ne, kuma haɗin Los Angeles ne, domin duk wani faifai da aka buga kafin 2001 shi ne a kai. Hoton Jim Hendin ne ya ɗauka. Shawarata: kada ka jingina shi a karkace, kada ka ɗora wani abu a kansa, a tsaye ake ajiye faifai. Kada ya kwana a mota ko kusa da taga, zafin Kano na watan Afrilu zai lanƙwasa shi cikin yini ɗaya. Na yi asarar faya-fayai sama da 20 a ɗakin da rufinsa kwano ne. Ƙura kuma a goge ta da tsumma mai laushi, ana bin zagayen layin, ba a gicciye ba. Kuma in allurarka ta tsufa ka canja, tsohuwar allura ta fi ƙura ɓarna.

Injiniya_Sauti:
Ga wanda ke son ya tara su, ga yadda na san bugun da suka biyo baya. Na 2001 shi ne mafi amfani a ganina, domin ya haɗa faifan asali, da na Detroit, da na ƙananan faya-fayai, da wasan da ya yi a Kennedy Center ta Washington ranar 1 ga Mayu 1972, ranar da garin haihuwarsa ya ware don girmama shi. A 2011, cikar shekara 40, an yi babban akwati mai CD biyu da faifan garmaho na haɗin Detroit. Wasan Washington an sake fitar da shi shi kaɗai a 2019. Na cikar shekara 50 kuma faifai biyu ne wanda injiniya Kevin Gray ya yanka daga tef na asali, ya fito a 2022. Wannan na ƙarshen na saurara a gidan wani abokin aiki, bes ɗin ya fito sosai ba tare da an taɓa haɗin ba.

Zinder_Soul:
Wasan Washington ɗin akwai abin lura. Marvin ya shekara kusan huɗu bai hau dandamali ba, kuma da ya zo kan waƙoƙin faifan da fuska ta biyu ya fara, Right On da sauransu, kafin ya dawo kan ta farko. Mercy Mercy Me ba ta cikin abin da aka fitar. Kana jin ɗari-ɗari a muryarsa da farko, sannan ya saki jiki.

Funk_Sabongari:
Duk wannan bugu-bugun ni kasuwanci nake gani. Faifan minti 35, an sayar wa mutum ɗaya shi sau biyar. Mai shi ya rasu tun 1984, wa ya tambaye shi ko yana so a fito da abin da ya ajiye gefe? Da yana son na Detroit da shi ya saki. Kuma ku tuna abin da ya faru a 2022, da aka gano kamfanin Mobile Fidelity, mai sayar da faya-fayai da tsada da sunan daga tef kai tsaye suke, ashe ya daɗe yana bi ta kwamfuta a da yawa daga cikinsu. Masu cewa kunnensu na bambancewa ba su gane ba sai da aka faɗa.

Mai_Garmaho:
Akwai gaskiya a maganarka ta farko, kuma ta dame ni ni ma. Amma ka duba ɗaya gefen. Ba don waɗannan bugun ba, da Sad Tomorrows da God Is Love ta ƙaramin faifai sun zama sai mai kuɗi. Faifan da ya naɗa a 1972, You're the Man, bai fito ba sai 2019. Ni ina ganin muddin an rubuta a jiki cewa wannan gwaji ne, wancan shi ne wanda ya amince da shi, babu cuta. Inda matsala take shi ne a waya, inda duk suke jere da hoto kusan iri ɗaya, yaro ya danna wanda ya fara gani ya ɗauka shi ke nan. Abin da ya faru da abokin DanFagge ke nan.

Yar_Zango:
Ni ma haka ya faru da ni, amma da sabon haɗin nan na Dolby Atmos da Apple Music suka yi ta talla da shi a 2021. Na ji goge yana yawo a bayan kaina, na ɗauka haka faifan yake. Na zo daga baya na ji tsohon, sai na ga kamar ya matse. Yanzu kuma tsohon nake so. Kunne da abin da ya saba yake tafiya.

Abu_Hanif:
Mujallar Rolling Stone ta sa shi lamba 6 a jerin faya-fayai 500 na 2003, ta mai da shi lamba 1 a 2020, shekarar da aka kashe George Floyd. Faifan bai canja ba, masu saurare ne abin ya sake zo musu gida. Kuma wanda suka zaɓa ɗin na 21 ga Mayu ne, ba wani ba.

BesJos:
Su zaɓi nasu. Ni gobe ma idan zan koya wa yarana bes, na Detroit zan kunna musu.

Baba_Tudunwada:
DanFagge, wannan ƙas ƙas ɗin da ka ce yana cikin Save the Children, tun mahaifinka yana raye yake?

DanFagge:
Tun yana raye, Baba. Ƙanwata ce ta ture garmahon tana rarrafe, yanzu 'ya'yanta uku. Jiya da na saurari na waya har wurin ya zo ina jiran in ji shi, da bai zo ba sai na ji kamar an tsallake baiti. Na gode muku duka. Zan nemi na 2001 ɗin don in ji God Is Love da Zinder_Soul ya yaba. @Kaset_Kwari, a ina ake samun allura yanzu? Tawa ta Baba ce, ban taɓa canja ta ba.

Kaset_Kwari:
Kada ka ƙara ɗora ta a kan faifan sai ka canja. Duba gaban kan da allurar ke maƙale, akwai suna da lamba, ka turo mini hotonsa. Masu gyaran rediyo na Sabon Gari wani lokaci suna da tsofaffi, amma sabuwa sai dai a yi oda.

Zinder_Soul:
In ka samu na 2001, fara da CD na biyu. Kuma akwatin Baba, me da me ke ciki bayan wannan? Akwai Curtis Mayfield?